Ranar da Saja Ya Sara wa Autarsa

Akwai wani tsohon soja da kowa ke kira Saja. Ya daɗe da yin ritaya, amma har gobe in ya yi gyaran murya sai gidan ya yi tsit.

Autarsa ta karanci kwamfuta. Kullum tana ɗaki da wani ƙaton tabarau a fuska, tana tsalle tana kai wa iska naushi. Duk wanda ya saka shi sai ya ga kansa a wata duniya, ita kuma filin atisayen sojoji take ginawa a ciki.

Saja ya taɓe baki. "Auta, mu da muka kwana a rami, yanzu a kan kafet za a koyi yaƙi? Allah ya shirye ki."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baba, gwada sau ɗaya mana."

Ya saka don ya kunyata ta. Sai ga shi a wata siririyar hanya cikin daji, harbi ta ko'ina. Ya zube ya mirgina, har ya ture teburin falo. Matarsa na bakin ƙofa tana dariya har da hawaye.

Ya cire tabarau, gumi sharkaf. Can ya ce, "Ba haka ake kwanton ɓauna ba. Jawo kujera."

Ranar ya ba ta labarin yadda aka kashe amininsa a gabansa, labarin da bai taɓa ba kowa ba. Auta ta gyara aikinta a kan abin da ta ji. Ta kai aikin barikin soja, aka yi ta dawo da ita, ta yi ta komawa, har aka karɓa.

Wata rana wani matashin soja ya yi sallama, hannunsa ɗaure da bandeji.

"Baba, an tare mu a daji. Kafin in yi tunani jikina ya san abin yi, don na sha faɗawa irin tarkon a cikin tabarau. Dukkanmu mun dawo da rai. An ce min daga gidan nan aikin ya fito."

Saja ya ƙwala wa Auta kira. Da ta fito, ya miƙe tsaye ƙyam, ya haɗa ƙafa, ya sara mata.

"Ga mai aikin nan," ya ce. "'Yata ce."

Darasi: Kada ka raina abin da ba ka gwada ba, ku kuma yara kada raini ya sa ku ajiye aikinku. Ku tura wa duk uban da ke ganin ɗansa wasa yake yi.