Hannun Ladingo da Kunkunniyar Madafa

Dalilin da ya sa kuke ganin baƙar kunkunniya maƙale a rufin madafa, ba ta hau sama ba, ba ta dawo murhu ba, shi zan gaya muku. Kai Sallau, ajiye karan nan ka saurara, wannan ba labarin dariya ba ne.

A da can, 'ya'yan Gawayi ba sa cuɗewa. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kowace da hannu huɗu. Ranar da wuta ta kama uwarsu, Iya Gawayi, sai ta ce, "Ni tawa ta ƙare. Ku jeru layi ɗaya, ku riƙe juna, hannu biyu gaba, biyu baya. Hayaƙi zai kai ku wurin danginmu cikin taurari. Amma kada ku taɓa wani layi."

Suka miƙe ɗoɗar kamar zare, suka fara hawa.

To, ta ƙarshen layi, auta Ladingo, ba kowa a bayanta. Hannunta biyu na reto cikin iska. Ta fashe da kuka. "Yaya Kandala, ki riƙe ni, tsoro nake ji!"

"Ai ina riƙe da ke."

"Waɗannan biyun fa?"

Wayyo, tausayi! Kandala ta zare hannu ɗaya daga na gabanta ta ƙara mata. Ta gaban ta ji hannunta ya kuɓuce, ita ma ta cafki ta gabanta da shi. Haka abin ya bi layin, nan riƙo uku, can riƙo ɗaya.

Amma har yanzu hannu guda na Ladingo ba kowa. Kandala ta ce, "Ki daure, ƙanwata, mun kusa fita."

Ina! Wani layi na 'ya'yan wani gawayin ya gifta, Ladingo ta damƙe shi caraf. Nan take layi ya sarƙe da layi, suka dunƙule, suka yi nauyi, suka manne a rufi baƙi ƙirin. Ni dai ban taɓa ganin laifinta ba, yarinya ce.

Shi ya sa har yau dogon layin 'ya'yan Gawayi ba ya daɗewa a miƙe, sai in masana kimiyya sun ba na bakin layin abin riƙewa. Ku ɗaga kai ku duba. Suna nan inda suka tsaya, kamu ɗaya tsakaninsu da ƙofar hayaƙi.