Santi da Santsi a Gidan Ciyawar Teku

Dalilin da ya sa ciyawar teku take da santsi, ka damƙe ta ta sulluɓe maka, shi zan gaya muku. Amma wanda ya sake katse ni, na kama bakina ke nan.

A da can ba haka take ba. Ganyenta kaushi gare shi. Tana zaune a kan dutsenta a ƙarƙashin ruwa, 'ya'yanta ƙananan toho suna kewaye da gindinta. Aibinta ɗaya ne, kara ta yi mata yawa.

Rannan Kififiya, kunkurun ruwa, ta zo wucewa, sai Ciyawa ta ce, "Sannu da hanya, bismillah mana." Kun dai san irin tayin nan. Mai hankali "alhamdu lillahi" yake cewa, ya yi gaba. Ita kuwa Kififiya sai ta gyara zama ta hau yagar ganye, har da lumshe ido. Santi ya ɗebe ta, ta ce, "Wai Yaya, ruwan nan naku ma jiƙa ku yake yi?"

Washegari ta dawo da Ayu, ƙato mai cin kwando guda a loma ɗaya. Bayansu ga kifaye, kowa da ƙanin kakarsa. An ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓa ba ta san rana ta fito ba! Ciyawa tana cewa "a ci lafiya," ranta kuwa yana tafasa. Kullum bakunansu sai ƙara yin ƙasa suke yi wajen gindinta, har ranar da ta ga Ayu yana shinshina autarta.

"Wannan ma za ta yi taushi," in ji shi.

Nan fa hankalinta ya tashi. Da suka watse, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira, tsohuwar Ƙaguwa mai magani, wadda kunnenta ya daɗe da yin nauyi.

"Iya, za su cinye mini 'ya'ya! Ki ba ni maganin santi."

"Santsi?"

"Santi, Iya, santi! Su daina jin daɗina!"

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni," in ji Ƙaguwa.

Haba! Tsohuwar nan ta kwaɓo wani abu mai yauƙi kamar karkashi, ta shafe uwa da 'ya'ya tas.

Da baƙi suka dawo, Kififiya ta ja ganye, ya wuce maƙogwaro sululu, ko tauna babu. Ta ce, "Kai, yau har da miya aka yi mana!" Ciyawa kamar ta fashe don takaici. An gudu ba a tsira ba.

Sai ga Ayu ya kai baki kan auta. Ciyawa ta runtse ido. Ya cafka, autar ta sulluɓe. Ya sake, leɓensa ya zame ya daki dutse. Dogon ganye yana da wurin kamawa, ɗan toho kuwa babu. Ya yi tsaki ya koma sama kan dogon ganye.

Shi ya sa har yau ciyawar teku take da santsi. Masu kiwo suna nan suna yagar ganyenta suna zuba santi, tana jin haushinsu, amma 'ya'yanta suna tsira su girma. Ita kuwa tun ranar ba ta ƙara ce wa kowa bismillah ba.