Fingi da 'Ya'yan Zabuwa

"Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!"

"Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan!"

To ku matso. Kai mai gyangyaɗi, gyara zama.

An yi wata kaza a gidan wata tsohuwa mai suna Yalwa. Kazar nan fingi ce, gashinta duk a murɗe kamar ta yi dambe da iska, ko kan danga ba ta iya tashi ta hau. Kowa Fingi yake kiranta. Duk damina sai ta yi kwanci, duk damina ƙwan ya zama baragurbi. In sauran kaji suka wuce da zugar 'yan tsakinsu sai su ce, "Fingi, ina yara?" Ta ce, "Suna hanya." In ta shiga akurki kuwa ta yi ta kuka, don abin yana cinta ba kaɗan ba.

Wata rana da hantsi sai ga Zabuwa daga daji tana jan ƙafa, tarko ya kusa guntule ta. A bayanta 'ya'ya uku, jiƙe sharkaf da raɓa, suna rawar ɗari. Ta bi kaji ɗaya bayan ɗaya tana roƙo a riƙe mata 'ya'yan. Wannan ta ce, "Nawa ma sun ishe ni." Waccan ta ce, "'Yan daji? Su koya wa nawa yawo?" Da ta iso wurin Fingi, ba ta ma buɗe baki ba, Fingi ta ɗaga fukafukanta ta ce, "Ku shigo, akwai ɗumi."

Zabuwa ta ce, "'Yar'uwa, amana na ba ki. In na warke zan dawo. In ban dawo ba, kin san sauran."

Fingi ta ce, "Je ki yi jinya. Allah ya ba ki lafiya."

Kada ku ce abin ya zo da sauƙi. Yaran nan, Ɗigau da Sanƙo da 'yar autarsu Kyauta, sun ƙi cin tsaki, sun ƙi dusa, sai kukan uwarsu. Sanƙo har saran ta ya yi a ido, ya ce, "Ke ba uwarmu ba ce!" Fingi ta ce, "Na sani. Ci dai." Ta je shuri ta tona musu gara har faratanta suka yi jini. Kullum da safe ta tare ƙofar akurki ta ce, "Ba mai fita sai raɓa ta bushe." A haka a haka, ran nan Kyauta ta yi tuntuɓe, ta ce, "Wayyo Inna!" Fingi ta waiga ta ga wa ake kira. Ashe ita ce.

Yara suka girma, fukafukai suka yi ƙwari. Wata magariba sai ta ji fir! fir! fir! Ga su can kan tsamiyar tsakar gida. "Inna, hawo ki ga gari!" Fingi ta yi tsalle ta faɗo, ta sake ta faɗo. Ta koma akurki ita kaɗai.

Duk abin nan Muzuru yana kallo daga kan katanga. Ya daɗe yana lasar baki a kan 'yan zabin nan, amma naman da ke kwana a ƙarshen reshe ya fi ƙarfinsa. Sai ya sauko da sallama, murya ƙasa-ƙasa kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Inna Fingi, ni dai tausayinki nake ji. Kin ga sun hau sama sun bar ki? Fiffike ɗaya kawai za ki fige wa kowanne, su zauna a gabanki."

Fingi ta ce, "Tafi ka ba ni wuri."

Washegari ya dawo. "Inna Fingi, ni dai tausayinki nake ji. Yau tsamiya, gobe daji. Fiffike ɗaya kawai."

Ran nan Fingi ba ta kore shi ba.

Rana ta uku ya zo da labari. "Inna Fingi, ni dai tausayinki nake ji. Na ga uwarsu a fadama, ƙafa ta warke garau. Gobe za ta zo ta kwashi kayanta. Ke kika tona gara, ita za ta ci moriya. Amma wa zai ja ɗan da ba ya tashi zuwa daji? Fiffike ɗaya kawai."

Wannan karon maganar ta shige ta. Kada ku zage ta, yara, tsoro ne ya kama ta. Da rana ta yi ja ta kira su ukun. Ta ce, "Kyauta, miƙo fiffikenki." Kyauta ta miƙa. Fingi ta kama gashin da baki.

Kyauta ta ce, "Inna, in kin fige za ki daina kukan da kike yi in mun hau tsamiya? Muna jin ki fa. To fige, ba komai."

Fingi ta saki fiffiken. Ta gyara gashin da ta murɗe, ta lallashe shi har ya kwanta. Ta ce, "Ba don in karya ku aka ba ni ku ba. Ku hau. Maza ku hau!" Fir! fir! fir!

Muzuru yana laɓe bayan rumbu, yana jiran zabi uku a ƙasa. Ya leƙo, sai Fingi kaɗai. Ya ce, "To, wadda ba ta tashi ma ai nama ce." Ya lallaɓo ta bayanta.

Amma wanda ke sama yana ganin bayan rumbu. Yaran suka ɓarke da kuka irin na zabi, wanda ke tashin unguwa guda. "Inna, bayanki! Inna, bayanki!" Tsohuwa Yalwa ta fito da taɓarya. Tim a gadon baya! Tim a wutsiya! Muzuru ya haura katanga yana ihu, ko sallama bai tsaya yi ba.

Da safe Zabuwa ta iso. Ta ga 'ya'yanta sun yi ɓul-ɓul, ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar'uwa, da wane baki zan gode miki?"

Fingi ta ce, "Ga amanarki. Ɗigau ba ya son dusa. Sanƙo baki gare shi, amma zuciyarsa fara ce. Kuma kada ki fita da su sai raɓa ta bushe."

Sanƙo ya ce, "Haba Inna, ai mun girma."

Ta ce, "Na sani. Ku jira dai."

Suka jira raɓa ta bushe, suka tafi. Fingi ta raka su har bakin danga, inda ƙafarta ta tsaya. Yinin nan ko ƙwayar gero ba ta saka a baki ba. Kaji suka wuce, wata ta ce, "Fingi, ina yara?" Ta juya musu baya. Da magariba ta tara tsaki a gindin tsamiya kamar yadda ta saba, sai da ta gama ta tuna ba mai ci. Ta tsaya tana kallonsa.

Sai ta ji fir! fir! fir! Can kuma wani fir na huɗu, mai ɗan nauyi.

Sanƙo ne ya fara dira. Ya ce, "Inna, da sauran tsaki? Mun zo da baƙuwa."

Shi ya sa har yau zabi suke yini a daji, amma magariba na yi sai gida. Ku kuma in kun girma aka kawo muku ɗan wani riƙo, ku ba shi ci, ku ba shi ɗumi, ku bar masa fukafukansa, ko da ranku bai so ba. Wanda ake riƙo a cikinku kuwa, kada ya ji kunya, uwa biyu gare shi.

Ƙurunƙus, kan muzurun da ya sha taɓarya!