Saƙon da Bai Isa Rano ba

A shekarun da ake shirin samun mulkin kai, akwai wani mai keke a Kibiya, Malam Ramalan, wanda ke kai saƙon baka Rano duk ranar kasuwa. Mutum ne mai amana, sai dai yana da girman kai. Yakan bugi ƙirji ya ce ko saƙo talatin aka ba shi, ɗaya ba zai zube ba.

Bayan wani zazzaɓi mai zafi, farfaɗiya ta kama shi. Duk sanda ya faɗi ya farfaɗo, sai abin da aka gaya masa ya ɓace masa. Wani lokaci sunan maƙwabcinsa ma sai ya yi ta lalube. Yayarsa Lubabatu kaɗai ta sani.

Ta ce, "Ramalan, ka gaya wa mutane. Su riƙa sa malam ya rubuta maka."

Ya ce, "Yaya, ni za a riƙa nunawa da baki? Kada ki sake tayar da zancen nan."

Wata safiya Gwadabe, wani manomin Tarai, ya tare shi. "Malam, don Allah ka gaya wa ƙanena Alu mai ɗinki, jikin Inna ya tsananta, tana kiran sunansa."

A hanya ciwon ya kayar da shi. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga Rano, har ya gaisa da Alu a rumfarsa, bai ce masa komai ba. Bayan kwana biyu tsohuwar ta rasu ba ta ga ɗanta ba.

Da aka tuhumi Ramalan a zauren makoki, ya rantse ba wanda ya ba shi saƙo. Har zuciyarsa haka ya ɗauka. Amma mutum uku sun ji lokacin da aka gaya masa. Lubabatu, da ta zo ta'aziyya, ta aiko daga cikin gida a bari ta yi bayani, ya hana ta.

Daga ranar aka daina aikensa. Ya jingine keken, ya koma zaman ƙofar gida shi kaɗai, masu wucewa na yi masa sallama daga nesa. Sai bayan rasuwarsa Lubabatu ta faɗi gaskiya. Alu ya ce, "Da na sani, da ni zan riƙa zuwa duba shi."

Darasi: ciwo ba abin kunya ba ne, mantuwar mai farfaɗiya kuma ba ƙarya ba ce. Wanda girman kai ya sa ya ɓoye lalurarsa, ya kori masu tausaya masa da hannunsa.