Man Saman Tukunya

Akwai wani manomi wanda matarsa take girmama shi ƙwarai. Idan miya ta nuna, sai ta karkata tukunya ta kwashe man da ya taso sama ta zuba a akushinsa, ta tsamo kitse ta ɗora, ta ƙara gishiri da magi. Abin da ya kwanta a ƙasa, zogale da wake da kabewa, shi ne rabonta da 'ya'ya. Haka ta ga uwarta tana yi wa ubanta.

Mutumin ya yi ƙiba, wuya ya yi kauri, abokai suna ce masa, "Kai dai ka yi dacen mata!" Amma in ya sunkuya noma, sai kansa ya riƙa sarawa, idanunsa su yi duhu. Da matar ta raka shi asibiti, likita ya ce, "Baba, jininka ya hau. Ka rage mai da gishiri, ka ci ganye. In ba haka ba, hannun nan zai saki fartanya." Da hannun nan kuwa yake ciyar da gidan duka.

Matar ta tsorata. Kashegari ta zuba masa daga ƙasan tukunya. Ranar kuwa yana da baƙi. Ya buɗe akushi, ya rufe, ya kira ta a gabansu ya ce, "Ke, akuya kika mai da ni? Ina raye za a ci miyar marayu a gidana?" Ta koma madafa ta sha kuka. Daga ran nan ba ta ƙara ba. Tana zuba masa mai tana sane da abin da take yi, amma ta ga gara ciwon da ke ɓoye da cin mutunci a gaban baƙi. Kaico!

Da ruwan shuka ya sauka, mutumin ya faɗi a tsakiyar gona. A amalanke aka kawo shi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Babban ɗansa ya bar koyon kafinta a birni, ya dawo ya ɗauki fartanya. Ranar da ya fara dawowa daga gona a gajiye, uwar ta dube shi ta ce, "Sannu, ɗana. Yanzu kai ne maigida." Sai ta karkata tukunya.

Uban yana kwance a tabarma yana gani. Ya yi ta gurnani, yana kaɗa hannun da ya rage masa, hawaye na zuba. Ɗan ya ce, "Mama, ki ba Baba nasa, yunwa yake ji." Ya ja akushi ya fara ci.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: manomin nan ku ne, iyayen gida, masu auna girmanku da man da ke yawo a kan miya. Matar kuwa ita ce duk mai ƙaunar da ta san gaskiya amma tsawa ta rufe mata baki. Jikin nan amana ce daga Ubangiji, ba a kuwa ba mutum jiki biyu. Allah ya sa magani a ganyen da ke gefen gidanku, ya tsiro ba ku shuka ba, kuka ce abincin talaka ne. A rage gishiri, a rage mai, kowa ya ci daga ƙasan tukunya. Wannan ma har sai an yi muku wa'azi?

Zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye muku ba. Na tsaya a bakin kaburburan maza da yawa na wannan ikilisiya, ba ko ɗaya da maƙiyi ya kashe. Muna cewa, "Nufin Allah ne," mu koma gidan makoki mu ci shinkafa tana ninƙaya a mai. Yanzu ma ga ku kuna gyaɗa kai, kuna cewa amin. Na san an ɗora tukunya kafin ku taho sujada, na kuma san wanda za a kwashe wa saman.