Ranar Da Jan-baki Suka Ƙi Sauka A Gonar Haladu

Godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya ba ikkilisiyar wani ƙauye a ƙasar Roni malamin bishara, dattijo salihi, masanin Littafi Mai Tsarki, mai tawali'un da har ya tsufa bai bar wa kowa sharar majami'a ba.

Cikin almajiransa akwai Haladu, manomi mai zafin nama, wanda tun da aka yi masa baftisma yake ɗokin a ba shi wa'azi, malam kuwa kullum sai ya miƙa masa tsintsiya. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

A wata damina, gero ya yi ido, sai labari ya zo cewa tsuntsaye jan-baki sun cinye gonakin wajen Gwiwa, sun nufo nan. Haladu ya ɗaura igiyoyi da gwangwanaye ya tare a gona, domin geron nan shi ne abincin iyalinsa na shekara. Ana cikin haka malam ya iso da sandarsa, ya ce Ya Kaka, tsohuwar nan Musulma maƙwabciyarsu, ta faɗi ba ta magana, kuma babu mai babur a gari sai shi. Haladu ya nuna gabas inda sama ta fara baƙi saboda tsuntsaye, ya ce Baba, in na tafi me yarana za su ci?

Malam ya ce, "Ɗana, kai ta asibitin Kazaure. Almasihun da kake son yin wa'azinsa, yau a gidan Ya Kaka yake jiranka."

Wallahi da hawaye ya hau babur ɗin, aka ɗaura masa tsohuwa a baya.

Da yamma, bayan likita ya ce ta farfaɗo, Haladu ya dawo a guje, ya tarar da rabin gari a bakin gonarsa, Kirista da Musulmi, kowa ya riƙe baki. Ga jan-baki sun cika itatuwa har rassa na lanƙwasa, ga malam a durƙushe tsakiyar gero yana addu'a, ko igiya ɗaya bai ja ba, kuma ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, har a gonakin maƙwabta! Da ya ce amin, suka tashi gaba ɗaya suka yi arewa.

Haladu ya zube yana kuka. Ran Lahadi tun da asuba malam ya zo shara, ya iske tsintsiyar a hannun Haladu.

Ɗaukaka ga Allah mai girmama masu tawali'u. Ya Ubangiji, ka sa mu cikin albarkar da ka yi wa bawan nan naka. Amin.