Gadar Da Ba Ta Ɗaukar Zato

A zamanin da hanyoyin mutane da na aljannu ba su gama rabuwa ba, an yi wani birni mai suna Damarku, mai ganuwar jan dutse da ƙofofin tagulla, ƙarƙashin mulkin Sarki Nu'umanu. Mutanen birnin nan suna da wata al'ada da suka gada, suna kuma alfahari da ita fiye da yadda suke alfahari da ganuwarsu. A ƙofar fada akwai wani ƙaton tambari. Duk maganar da fadawa suka yanke aka buga mata tambarin nan, ta zama abin da aka sani, wanda ya sake tambaya a kanta kuwa ya yi wa sarauta laifi. Ni dai ban taɓa jin cewa fatar bijimi tana da ido ba, amma mutanen Damarku ba su taɓa kawo wannan a ransu ba.

Sarki yana da ɗa, Yarima Uwaisu, wanda ya tashi a hannun Barde Kailani, shugaban mayaƙan birnin. Barde ne ya fara ɗora shi a kan doki, shi ya koya masa riƙon takobi, shi kuma yake ɗaure masa rauni yana yi masa faɗa.

Wata shekara Sarki ya aiki Barde ya rako Gimbiya Hansa'u, 'yar Sarkin Sirwa, wadda za ta zo ƙulla alkawarin zaman lafiya a madadin mahaifinta da tsufa ya kwantar. Ayari ya dawo lafiya lau, ba wanda ya yi ko ƙwarzane, sai dai gimbiya babu, Barde kuma ba baki, muryarsa ta ɗauke. 'Yan rakiya suka ce baƙar guguwa ce ta tare su a sahara, Gurmazu sarkin aljannu ya fito daga cikinta, suna kwance rubda ciki suka hango Barde ya kama hannun gimbiya ya sa a hannun aljanin.

Waziri ya yi wa Barde tambaya ɗaya tak: "Kai ka miƙa ta da hannunka?"

Barde ya gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu zai yi wata alama, amma wani bafade ya riga ya ce sayar da ita ya yi, wani ya maimaita, kafin a ankara tambari ya tashi. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka jefa shi kurkukun da ba a ziyarta. Abu ɗaya ya jinkirta takobin hauni mai yanke kai: a Damarku ba a zubar da jinin mai sarauta a kan busasshiyar ƙasa, sai ruwan farko ya sauka. Lokacin kuwa bazara ce, zafi ya riga ya fara kiran hadari.

Uwaisu ya shiga fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na san Baba Barde bai miƙa ta ba. Sihiri aka yi masa har ya gyaɗa kai."

Sarki ya dubi ɗansa, ya ce, "Yarima, kana wurin?"

"Ba na wurin, ranka ya daɗe."

"To da me ka sani?"

"Da shekarun da na yi a hannunsa."

Sarki ya ce, "Wannan ƙauna ce, ni ma ina da ita, don tare muka yi ƙuruciya da Kailani. Amma ba zan tare tambarin kakanninmu da ƙaunarka ba. Ka je ka kawo abin da ya fi tambari nauyi kafin ruwa ya taɓa ƙasa. In ruwa ya riga ka, ko ni hauni ba zai saurara mini ba."

Uwaisu ya rataya takobin da maƙera suka ƙera masa, ya hau dokinsa, ya fita.

*

Ya bi sawun ayari har inda guguwar ta sauka, daga nan ya bi hanyar da ta share a cikin rairayi, ya ratsa hamadar da duwatsunta ke gumi da rana tsaka, ya wuce tafkin da kifayensa ke da gashin tsuntsu, da kurmin dabinon da 'ya'yansa ke komawa tsakuwa da zarar an tsinke, da wani kwarin da amsa-kuwwa ke riga mai magana buɗe baki. Bai tsaya kallon ko ɗaya ba, domin kullum idonsa na gabas, yana tsoron ganin gajimare.

A ƙarshen hamadar ya isa birnin Tsibbawa, inda kowane gida akwai boka. Babbansu, Boka Dargazu, ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa, ya ajiye masa wata tasar azurfa cike da ruwa.

"Ya kai ɗan sarki, ka huta da wahala. Duba cikin tasar nan, za ka ga abin da ya faru a sahara. Gurmazu da kansa ya zo ya tambaye ta ko ƙarfen ɗan Adam zai iya huda shi, ya koma dutsensa yana dariya."

Uwaisu ya leƙa. Sai ga Barde a cikin ruwa, jini ya rufe masa fuska, yana sara yana kare gimbiya, aljanin na fizge ta da ƙarfi. Hawayen farin ciki suka zubo wa yarima. Boka ya ce ya ɗauki tasar ya kai fadar ubansa, ba sai ya je inda ake zuwa ba a dawowa ba.

Ya miƙa hannu ke nan zai ɗauka, sai wani madugu mutumin Damarku, da ya zo neman laƙani, ya leƙo ta bayan kafaɗarsa ya yi tsaki. "Ka ga azzalumin, ranka ya daɗe. Ga shi nan yana karɓar zinariya a hannun aljani, yadda tambari ya faɗa."

Uwaisu ya janye hannunsa. Ruwa ɗaya, tasa ɗaya, kowa kuma ya ga abin da ya shigo da shi a zuciyarsa. Da ya kai ta fada, da duk Damarku ta leƙa ta ga cin amana. Ya shure tasar, ya ɗora kaifin takobi a wuyan boka, sai da ya kwatanta masa hanyar dutsen Gurmazu sannan ya ƙyale shi.

*

Tsakanin duniyar mutane da dutsen Gurmazu akwai wani kwari mai zurfi, wuta na ci a ƙasansa, yana kuma jawo duk abin da ya gifta ta samansa, ko da mai fiffike ne. Hanya ɗaya ce, wata gadar katako rataye da sarƙa. Uwaisu ya ɗaure dokinsa, ya hau. Yana kaiwa tsakiya sai ga Gurmazu a ɗaya gaɓar, kansa na goga gajimare, domin gajimare ya fara haɗuwa.

"Ya kai ɗan Adam," in ji aljanin, "kakannina suka gina gadar nan bisa rantsuwa. Duk wanda ke kanta, mutum ne ko aljan, in ya faɗi abu da sunan sani alhali ji ya yi ko zato, katakon da yake tsaye a kai zai karye. Zan tambaye ka, dole ka amsa. Jarumawan da suka fi ka gemu suna can ƙasa. Wace rana aka haife ka?"

Uwaisu ya buɗe baki zai ce Laraba, sai ya tuna ranar nan ba ya cikin masu lura. Ya ce, "An ce mini Laraba ce, na kuwa yarda."

Katako bai motsa ba. Ya ƙara gaba.

"Takobin nan naka yana yanke ƙarfe?"

"Yana yankewa," in ji Uwaisu, don girman kai ya riga hankali zuwa bakinsa. Maƙera ne suka gaya masa, shi bai taɓa gwadawa ba. Katako ya tsage, ya zurma, garkuwarsa ta faɗa wuta, shi kuwa ya kama sarƙa da hannu ɗaya yana reto, zafi na lasar tafin ƙafarsa. Da ƙyar ya ja jikinsa ya hau katako na gaba, yana haki.

Gurmazu ya sunkuyo, ya sassauta murya. "Saura ɗaya. Barde Kailani, wanda ya rene ka, ya ci amana ko bai ci ba?"

Nan Uwaisu ya ji abin da ya fi wutar zafi. Ya tuna hannun da ke ɗaure masa rauni, ya tuna mutumin yana can cikin rami yana sauraron sama. A ganinsa, in bai wanke shi ba a nan, ya bi sahun masu tambari. Harshensa na son ya ce bai ci ba, duk jikinsa na son haka. Can gabas aka yi tsawa mai nisa.

Ya ce, hawaye na zuba, "Ban sani ba. Ba na wurin. Zuciyata ta yarda da shi, shi ya sa na zo."

Katako ya tsaya daram, ya taka ya ƙetare.

Gurmazu ya yi ruri ya zaro kulkin ƙarfe, suka kacame. Uwaisu ba garkuwa, sai kaucewa yake yi, kulki na farfasa duwatsu a gefensa. Ya kai sara, takobi ya zame a kan sulken aljanin. Ya sake kaiwa, ya sake zamewa, kulki kuma ya same shi a kafaɗa har hannunsa na hagu ya mutu. Da ya ga ƙarfi ba zai fisshe shi ba, sai ya dinga ja da baya har ya koma kan gada, aljanin ya biyo shi, gada na nishi.

Uwaisu ya ɗaga takobi ya ce, "Ya kai sarkin aljannu, ni ma ina da tambaya. Ba ka tsoron wannan ya sami inda sulke bai rufe ba?"

Gurmazu ya tuntsire da dariya. "Tsoro? Na sani ƙarfen ɗan Adam ba ya huda ni."

Shekaru aru-aru yana tsare bakinsa a kan gadar nan, amma wannan magana bai taɓa lissafa ta cikin zato ba, tunda da idonsa ya gan ta a tasar Dargazu. Katako ya karye. Ya buɗe fukafukai, kwari ya ja shi, ƙararsa ta daɗe tana tasowa kafin ta yanke.

*

A cikin fadar dutsen, bayan zauruka na lu'ulu'u da murjani da fitilun da ke ci ba mai, Uwaisu ya sami Gimbiya Hansa'u zaune, rungume da wata 'yar gora. Ya gaishe ta, ya tambaye ta yadda aljanin ya fizge ta.

Ta ce, "Bai fizge ni ba, Yarima. Barde ne ya miƙa ni."

Ya tambaye ta dalili.

"Ni na umarce shi. Gurmazu ya ce ko ni, ko kawunan ayari duka. Barde ya ba da wuyansa, aljani ya ƙi. Da na matsa wa Barde, sai ya ce zai miƙa ni in aljanin ya rantse ba zai taɓa ni ba. Gurmazu ya ce to, amma a bakin muryar Barde. Ga ta nan cikin gorar nan, kullum ina jin tana motsi."

Ashe abin da 'yan rakiya suka gani gaskiya ne, abin da suka ɗora a kai ne ƙarya. Shi kuma da ya tsaya a fada ya ce ya sani, rabin maganarsa kuskure ce.

Suka ƙetare gada bakinsu a rufe, suka hau dokinsa, suka yi ta sukuwa hadari na bin su a baya, baƙi ƙirin. Iska mai ƙanshin ruwa ta riske su a ƙofar Damarku. A dandalin fada an riga an durƙusar da Barde, hauni ya naɗe hannun riga yana kallon ƙasa, yana jiran ta jiƙe. Ɗigon farko ya faɗo, na biyu ya biyo. Uwaisu ya keta taro da doki, ya fizge marfin gora a gaban fuskar Barde.

Barde ya yi tari, ya ce da wata dusasshiyar murya, "Gimbiya fa?"

"Ga ni, Barde," in ji ta, ta sauka ta tsaya tsakaninsa da takobi. Ruwa ya kece.

Ta ba da labari, Barde ya ba da nasa. Sarki Nu'umanu ya yi murna har ya manta da sarauta, ya ce a buga tambari. Uwaisu ya riƙe hannun makaɗin.

"Allah ya ba ka nasara, a bar mutane su yi tambaya tukuna. Ni kaina abin da na gani shi ne gora da gada. Sauran ji na yi."

Aka tsaya cikin ruwa ana tambayar gimbiya da Barde da 'yan rakiya, kowa daban, har maganganunsu suka haɗu. Ranar ce mutanen Damarku suka fara yin tambaya a ƙofar fada, kuma kamar masu koyon tafiya suka yi ta.

Bayan damina aka ƙulla alkawari da Sirwa, Hansa'u ta amince da Uwaisu aka ɗaura musu aure, Sarki Nu'umanu kuma ya yi murabus ya naɗa ɗansa. Sabon sarki bai fasa tambari ba, ya dai kafa doka cewa ba a buga shi sai wanda ya gani ya tsaya kusa da shi an tambaye shi.

Ranar naɗi, Barde ne ya zo gyara masa rawani. Yana cikin naɗawa ya ce a hankali, "Gimbiya ta ce an tambaye ka a kaina a gadar nan. Me ka ce?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Baba, cewa na yi ban sani ba."

Barde ya ci gaba da naɗin rawanin. Can ya ce, "Ba ka sani ba, ka kuma hau gadar?"

"Na hau, Baba."

Tsohon ya soke bakin rawani, ya ja da baya, ya faɗi ya yi gaisuwa tun kafin a buga tambari.